Willis Carrier: Ɗan manomin da ya shawo kan laima, duniya ta samu na'urar sanyaya ɗaki

A watan Afrilu, lokacin da zafin ƙasar Sakkwato kan haura digiri 40, babu abin da ɗan kasuwa ko ma'aikaci ke marmari kamar ɗaki mai sanyi. Daga Amarawa zuwa kasuwar Illela, har a tsallaka Birnin Ƙonni, wanda ya shiga banki ko wani babban ofis da tsakar rana ba ya gaggawar fitowa. Saboda haka ne mutane da yawa suka ɗauka cewa na'urar sanyaya ɗaki, wadda aka fi sani da esi, an ƙirƙiro ta ne domin jin daɗin jikin ɗan Adam. Tarihinta ya nuna akasin haka. An fara ƙera ta ne domin a ceci takarda daga lalacewa a wata maɗaba'a, kuma abokin gabar da aka nufa da ita a farko laima ce. Sanyin da ake jin daɗinsa yau ya biyo baya ne.

Ɗan kasuwar Arewa ya san sharrin laima da amfaninta tun kafin a zo da wata na'ura. Mai albasa ya san idan danshi ya shiga rumbunsa ya yi asara. Mai goro ya san dole ya lulluɓe huhunsa da ganye yana yayyafa ruwa, in ba haka ba hunturu ya busar masa da jari. Dukawa sun san yadda fata ke tsagewa a lokacin sanyi, ta yi funfuna da damina. Mutumin da ya mayar da wannan sani lissafi, har aka iya sarrafa ruwan da ke cikin iska yadda ake so, shi ne Willis Haviland Carrier.

Yarinta a gona

An haifi Carrier ranar 26 ga Nuwamba, 1876, a wani ƙaramin gari mai suna Angola a jihar New York ta Amurka, kusa da gaɓar tafkin Erie. Sunan garin ya yi daidai da na ƙasar Angola ta Afirka. Mahaifinsa, Duane Carrier, manomi ne, mahaifiyarsa kuma Elizabeth Haviland, wadda ta iya gyaran agogo da keken ɗinki da sauran ƙananan injunan gida. Shi kaɗai ta haifa.

Yana ƙarami lissafin ɓangarori ya gagare shi a makaranta. Mahaifiyarsa ta sa ya kwaso tuffa, ta umarce shi ya yanka su rabi-rabi, kwata-kwata, da kashi takwas-takwas, ya riƙa haɗawa yana rabawa har ya gane da idonsa abin da alƙaluma ke nufi. Wannan darasi ya zame masa hanya har tsufansa: duk matsalar da ta yi masa girma, sai ya daddatsa ta zuwa ƙanana, ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Mahaifiyar ta rasu yana da kimanin shekara 11.

Ya yi karatu a garinsu, sannan a birnin Buffalo, daga nan ya ci jarrabawar tallafin karatu zuwa Jami'ar Cornell. Tallafin bai ɗauke masa ci da sha ba, don haka ya riƙa yankan ciyawa a gidajen mutane, yana hura wutar ɗumama ɗakuna, har ya shiga harkar wankin tufafin ɗalibai. A 1901 ya kammala karatun injiniya, ya samu aiki a kamfanin Buffalo Forge a kan dala 10 a mako. Kamfanin yana ƙera fankoki da bututun ɗumama iska, waɗanda ake amfani da su wajen busar da katako da 'ya'yan kofi.

A wancan zamani injiniyoyi da kintace suke aiki. Idan za su ɗumama gini, sai su sa bututu fiye da kima don gudun kada ya gaza. Saurayin bai gamsu da haka ba. Ya zauna yana auna yawan zafin da iska ke ɗauka idan ta ratsa bututu mai tururi, ya tsara jadawali. Jadawalin ya rage wa kamfanin ɓarnar kuɗi mai yawa, har aka ɗora shi a kan sashen gwaje-gwaje yana ɗan shekara 25.

Takardar da ta ƙi tsayawa wuri ɗaya

A unguwar Brooklyn ta birnin New York akwai maɗaba'ar Sackett-Wilhelms, wadda ke buga wata mujalla mai launi da ake kira Judge. A lokacin, launi ɗaya-ɗaya ake bugawa: takarda ta shiga inji ta ɗauki launi na farko, ta bushe, ta koma ta ɗauki na biyu, har sau huɗu. Matsalar ita ce takarda tana shan ruwan da ke cikin iska. Ranar da laima ta yi yawa sai ta kumbura, ranar da iska ta bushe sai ta tsuke. Bambancin ɗan kaɗan ne, amma ya isa ya sa ja ya kauce wa shuɗi, hoto ya fito a dagule. Tawada kuma ta ƙi bushewa. Ana zubar da takardu, ana saɓa alƙawarin ranar fitowa. Duk wanda ya taɓa aiki a maɗaba'a a Zariya ko Kaduna, ya ga yadda takarda ke lanƙwashewa da hunturu ta yi laushi a watan Agusta, ya san wannan ciwon kai.

Wakilin Buffalo Forge a New York, Irvine Lyle, shi ya kai ƙorafin ga kamfani, aka miƙa wa Carrier. Gwajinsa na farko bai yi nasara ba. Ya jiƙa algarara da ruwan wani gishiri mai zuƙe danshi, ya hura iska ta cikinta. Danshin ya ragu, amma iskar ta fito da ɗumi, ɗauke da ɗigon gishiri mai sa ƙarfe tsatsa, abin da ba wanda zai yarda ya kusanci injin buga takarda.

Sai ya juya tunaninsa. Bututun da kamfaninsu ke cika wa da tururi don ɗumama iska, me zai hana a cika shi da ruwan sanyi? Kowa ya ga yadda kofin zoɓo mai ƙanƙara ke yin gumi a bayansa. Wannan ruwa ba daga cikin kofin ya fito ba. Iska mai ɗumi tana iya riƙe ruwa da yawa, mai sanyi kuwa kaɗan take riƙewa, don haka idan iska ta taɓa abu mai sanyi sai ta sauke rarar da take ɗauke da ita. Haka raɓa ke sauka a kan ciyawa da asuba. Carrier ya tsara fanka mai tura iskar maɗaba'ar ta ratsa bututun ruwan sanyi, ruwan cikinta ya ɗige, ta koma ɗaki a bushe. Burinsa shi ne laimar ɗakin ta tsaya a kashi 55 cikin 100, rani da damina. Zanen wannan tsari yana ɗauke da kwanan wata 17 ga Yuli, 1902, ranar da ake ɗauka a matsayin mafarin na'urar sanyaya iska ta zamani.

Ba shi ne farkon wanda ya yi ƙoƙarin sanyaya ɗaki ba. Wani likita a jihar Florida, John Gorrie, ya samu takardar mallakar fasaha a 1851 a kan injin yin ƙanƙara da ya ƙera don sanyaya ɗakin masu zazzaɓi, amma bai samu masu zuba jari ba, ya rasu a 1855 cikin talauci. Wani injiniya kuma, Alfred Wolff, ya sanya wa kasuwar hannun jari ta New York tsarin sanyaya iska a daidai shekarun da Carrier ke fama da takarda. Abin da ya bambanta Carrier shi ne ya ɗauki laima a matsayin abin da za a auna, a ƙayyade, a riƙe a wuri ɗaya.

Darasin hazo

Tsarin Brooklyn ya yi aiki, amma bai kai yadda mai shi ke so ba. Ba da daɗewa ba, yana jiran jirgin ƙasa a tashar birnin Pittsburgh cikin dare, hazo ya rufe ko'ina. Ba irin hazon hunturu na ƙura ba, hazo ne na ruwa, wato iskar da ta ƙoshi da danshi har ba ta iya ɗaukar ƙari. A nan tunanin ya zo masa. Idan iska ta ƙoshi da ruwa, yawan ruwan da ke cikinta ya dogara ne kacokan a kan sanyinta ko ɗuminta. Ke nan in mutum ya haɗa hazo da kansa a cikin akwati, ya kuma zaɓi sanyin hazon, ya san adadin ruwan da iskar za ta fita da shi ba tare da kintace ba.

Daga nan ya ƙera akwatin da ake fesa ruwa a cikinsa kamar yayyafi, iska na ratsawa. In ruwan mai sanyi ne ƙwarai, iskar za ta sauke danshinta a cikinsa ta fito da ƙarancin ruwa. In mai ɗumi ne, za ta ƙara ɗauka. Ga shi kuma ruwan yana wanke ƙura. Injiniyoyi da dama sun yi tababa, don hankali bai saba da a ce ana busar da iska da ruwa ba. Amma gwaji ya gaskata shi, kuma ranar 2 ga Janairu, 1906, gwamnatin Amurka ta ba shi takardar mallakar wannan fasaha mai lamba 808,897.

Masaƙu ne suka fara rububinta. Auduga idan iska ta bushe sai zare ya yi ta tsinkewa, gashinsa ya tashi, inji ya tsaya. A 1906 aka sanya tsarin Carrier a masaƙar Chronicle da ke Belmont a jihar North Carolina, a 1907 kuma aka sayar wa wata masaƙar siliki a Yokohama ta Japan. Sunan da Turawa ke kiran fasahar da shi ma daga masaƙa ya fito, domin wani injiniyan masaƙu, Stuart Cramer, shi ya fara amfani da shi a 1906, daga baya Carrier ya ɗauka. Wannan buƙata ita ce ta bi masana'antar saƙa duk inda ta je. Lokacin da aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a 1957, a zamanin Firimiyan Arewa Sa Ahmadu Bello, an kafa ta ne a ƙasar da hunturu kan busar da iska ƙarau, inda kaɗin zare da inji ba ya yiwuwa sai an ƙara wa iskar ɗaki danshi.

Ba kullum ake nasara ba. Wani mai kamfanin taliya ya nemi a taimaka masa ya busar da kayansa a cikin gini. Carrier ya busar da ita da sauri fiye da kima, taliyar ta farfashe, aka yi asara mai yawa. Sai da ya koma ya nazarci yadda ruwa ke fita daga ƙullun a hankali kafin ya gyara. Haka ya bi masana'antun taba, magani, burodi, alewa da fim, kowace da irin laimar da take so.

Ranar 3 ga Disamba, 1911, ya gabatar da wata muƙala a taron shekara na ƙungiyar injiniyoyin Amurka, inda ya bayyana dokokin lissafi da suka haɗa zafin iska, yawan danshinta, da matakin sanyin da raɓa ke fara sauka. Da ma'aunin zafi guda biyu, ɗaya a bushe ɗaya an naɗe kansa da jiƙaƙƙen ƙyalle, injiniya zai duba jadawali ya san halin da iskar ɗaki ke ciki. Yana da shekara 35 a lokacin. Wannan lissafi ne ke bayyana abin da kowace uwar gida a ƙasar Hausa ta sani: randa da tulu sun fi sanyaya ruwa da bazara, saboda busasshiyar iska tana kwashe ruwan da ke tsattsafowa ta jikin yumɓu, ta tafi da zafi. Da damina kuwa, iska ta riga ta ƙoshi, randa ba ta yin sanyi sosai, gumin jikin mutum ma ba ya bushewa.

Mutum bakwai da dala 32,600

Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914, Buffalo Forge ya yanke shawarar tsayawa a kan ƙere-ƙere kawai, ya rufe sashen da Carrier ke jagoranta. Bayan shekara 13 yana hidima, ya wayi gari ba shi da ofis. Shi da Irvine Lyle da wasu abokan aiki biyar suka tattara abin da suka tara, dala 32,600, suka kafa kamfanin Carrier Engineering Corporation ranar 26 ga Yuni, 1915. Ba su da masana'anta, iliminsu kawai suke sayarwa. Carrier ya riƙe fasaha, Lyle ya riƙe ciniki, kuma wannan rabon aiki ya dace, domin Carrier mutum ne da tunani kan ɗauke shi har ya manta abin da ke gabansa. Yaƙin da ya raba su da aiki shi ya kawo musu kwangilolin farko, saboda masana'antun harsashi da albarushi suna buƙatar iska marar danshi.

Babban cikas a lokacin shi ne injin sanyaya ruwan. Injunan zamanin manya ne, kuma da iskar amoniya suke aiki, wadda in ta tsiyaya tana iya kashe mutane. Ba mai hankalin da zai kai ta wurin taron jama'a. Carrier ya ƙera sabon inji mai juyawa kamar fanka, ƙarami a kan na da, mai amfani da sinadarin da bai kai amoniya haɗari ba. A watan Mayun 1922 ya gayyaci injiniyoyi kimanin 300 zuwa masana'antarsu da ke Newark, da alƙawarin liyafa da kallon dambe, a nan ya nuna musu injin yana aiki.

Wannan inji ne ya fitar da fasahar daga masana'anta zuwa cikin jama'a. A 1924 babban kantin J. L. Hudson na birnin Detroit, inda masu sayayya kan suma don zafi a ranakun rangwame, ya sanya shi. A 1925 aka sanya shi a gidan silima na Rivoli a New York. Mutane sun shigo da mahucinsu a hannu kamar yadda suka saba, fim bai yi nisa ba suka ajiye. Gidajen silima, waɗanda a da kan yi asara a lokacin zafi, suka koma cika maƙil. Zauren Majalisar Wakilan Amurka ya samu nasa a 1928, na Dattawa a 1929.

Karyewar tattalin arzikin duniya ta 1929 ta dakatar da shirinsa na shigar da na'urar gidajen mutane. A 1930 kamfanin ya haɗe da wasu biyu ya zama Carrier Corporation, shi kuma ya zama shugaban hukumar gudanarwa, a 1937 suka koma birnin Syracuse. A shekarun nan injunansa suka kai Afirka ta Kudu, inda aka yi amfani da su wajen sanyaya ramin haƙar zinariya na Robinson Deep a Johannesburg, wurin da zafin ƙarƙashin ƙasa ke galabaitar da leburori. A Yaƙin Duniya na Biyu ya tsara tsarin sanyaya wata babbar ma'aikatar gwajin injunan jiragen sama a Cleveland, inda ake kwaikwayon tsananin sanyin sararin sama. Shi da kansa ya ɗauki wannan a matsayin mafi girman aikinsa.

Abin da ya bari

Carrier ya yi aure sau uku, matansa biyu na farko sun riga shi rasuwa, ya kuma riƙi yara maza biyu a matsayin 'ya'ya. Ciwon zuciya ya kwantar da shi a shekarunsa na ƙarshe. Ya rasu a New York ranar 7 ga Oktoba, 1950, yana da shekara 73, aka binne shi a maƙabartar Forest Lawn da ke Buffalo. Bai ga lokacin da ƙaramar na'urar taga ta cika gidaje ba, domin bayan rasuwarsa ne kasuwarta ta buɗe sosai.

Fasaharsa ta sauya inda mutane ke iya zama da aiki. Birane irin su Phoenix da Dubai sun bunƙasa a wuraren da zafi ya hana taruwar jama'a a da. Ɗakin tiyata, ma'ajiyar magani, da ɗakunan da manyan kwamfutocin bankuna ke aiki duk sun dogara da iskar da aka ƙayyade zafinta da danshinta. Alhazan da suka ji sanyi a cikin Masallacin Madina sun amfana da irin wannan tsari, na sanyaya ruwa a wata tasha a turo shi ta bututu.

Sai dai gadon ya zo da nauyinsa. Sinadaran da aka koma amfani da su daga shekarun 1930 an gano suna huda rufin da ke kare duniya daga zafin hasken rana, har ƙasashe suka ƙulla yarjejeniyar Montreal a 1987 don daina su. Waɗanda suka maye gurbinsu kuma suna ƙara ɗumamar yanayi, abin da ya kai ga gyaran Kigali na 2016. Hukumar Makamashi ta Duniya ta bayyana a 2018 cewa na'urorin sanyaya ɗaki da fankoki suna cin kusan kashi 10 cikin 100 na wutar lantarkin duniya. A ƙasarmu, inda wuta ba ta tsayawa, wannan nauyi a kan janareto da aljihun mai gida yake sauka. Ga shi kuma an bar soron ƙasa mai kaurin bango, wanda ke riƙe sanyin dare har azahar, an koma ginin bulo da kwano da gilashi wanda ba ya zaunuwa sai da inji.

Dokokin da Carrier ya rubuta ba su tsaya a kan injin mai cin wuta ba. A jihar Jigawa, marigayi Mohammed Bah Abba ya sa ƙaramar tukunya a cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da ɗanyen ƙyalle, manoma suka samu inda tumatir da yalo za su yi kwanaki ba su ruɓe ba. Wannan ya ba shi lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Tukunyar tana aiki ne inda iska ta bushe, kamar Dutse ko Illela da rani, ƙarfinta kuma yana raguwa da saukar damina, daidai yadda jadawalin 1911 ya nuna. Wannan jadawali har yau shi ɗaliban injiniya ke buɗewa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano idan aka zo darasin sarrafa iska, kuma shi ne mai sanya esi a sabon gini ya kamata ya duba kafin ya faɗa wa mai gida girman injin da zai saya.